Daga Harsashin Sihiri Zuwa Ƙunshin Maiƙo

Tun zamanin da, masu magani sun san wata wahala wadda har yau ba ta rabu da likitoci ba. Wahalar kuwa ita ce, magani ba ya jin aike. In mutum yana ciwon ɗan yatsa ya haɗiyi ƙwaya, ƙwayar nan ba ta san ɗan yatsa ba. Sai ta narke, ta shiga jini, jini ya yi ta yawo da ita ko'ina, ta leƙa zuciya, ta leƙa hanta da ƙoda, abin da zai isa wurin ciwon ɗan kaɗan ne. In maganin mai sauƙi ne, to, ba kome. Amma cuta mai tsanani ba ta jin magani mai sauƙi, magani mai ƙarfi kuwa ɗan'uwan dafi ne. Saboda haka sau da yawa likita ya kan riƙe maganin da zai iya kashe cuta ƙurmus, amma ba shi da halin ba da shi yadda zai isa, don kafin cutar ta mutu majiyyacin ya riga ta. Abin da a ke kira fasahar nano a sha'anin likitanci, in an tono asalinsa, ƙoƙari ne na warware wannan wahala, labarinsa kuwa ya girmi sunansa nesa ba kusa ba.

Wanda ya fara zama ya yi wa al'amarin tunani mai zurfi wani likita ne Bajamushe, ana ce da shi Paul Ehrlich, an haife shi cikin 1854. Hanyar da ya biyo ta marina ce. A zamanin ƙuruciyarsa masana'antun Jamus suna ta fid da sababbin rini iri iri daga kwalta, ja da shuɗi da algashi da rawaya. Duk wanda ya taɓa zama bakin karofi ya san rini yana da zaɓe, wanda ya kama ulu ba lalle ne ya kama auduga ba. Ehrlich ya ga haka abin ya ke a jikin ɗan Adam. In ya yanko ɗan siririn nama ya ɗiga masa rini, ya duba da madubin likita, sai ya ga wannan rini ya kama jijiya ya bar tsoka, wancan ya kama wani irin ƙwayar jini ya ƙyale saura. A kan wannan ya rubuta littafin da ya ci jarrabawar likita da shi cikin 1878. Daga nan tunani ya zo masa cewa in har akwai rinin da zai bi ƙwayar cuta ya kama ta ita kaɗai, ba abin da zai hana a ɗaura masa dafi ya kai mata. Cikin 1891 shi da wani likita, Paul Guttmann, suka ba mutum biyu masu zazzaɓin cizon sauro shuɗin rinin metilin a Berlin, suka kuwa sami sauƙi.

Jamusawa suna da wata tatsuniya ta maharba, ta harsashin da aka yi wa asiri, wanda in an harba shi ba ya kuskure. Ehrlich ya ari wannan suna ya laƙaba wa maganin da ya ke buri, ya kira shi harsashin sihiri. A ma'aikatarsa ta Frankfurt aka yi ta haɗa magunguna daga gubar asanik, ana ba kowanne lamba. Cikin 1909 wani likita Bajapane, Sahachiro Hata, ya zo aiki wurinsa, ya gwada mai lamba 606 a kan zomayen da aka sa wa tunjere, suka warke. Da shekara ta kewayo aka fara sayad da shi da sunan Salvarsan, ya zama maganin tunjere na farko da ke ci sosai. Amma fa harsashin nan yana kuskure. Asanik asanik ne, waɗansu ya kan ji musu ciwo, har akwai waɗanda ya kashe. Sai da fenisilin ya bayyana wajen 1943 aka ajiye shi.

A kan ƙwayoyin cuta da ke shigowa daga waje, burin Ehrlich ya cika gwargwado, domin su baƙi ne, gininsu dabam da na jikin mutum, ana iya samun dafin da zai taɓa su bai taɓa mai gida ba. Ciwon daji ba haka ya ke ba. Shi ɗan gida ne, naman jikin mutum ne da ya ƙi jin tsawa ya yi ta hayayyafa, abin da zai kashe shi kuwa lalle ya taɓa 'yan'uwansa masu lafiya. To, da ya ke maganin ba ya iya rarrabewa, sai tambaya ta juya: ko za a iya samar masa ɗan dako, wanda zai rufe shi a hanya ya sauke shi inda a ke so? Ɗan dakon da zai bi jijiyar jini kuwa tilas ya zama ƙarami ƙwarai da gaske.

A nan ya kamata mai karatu ya san awon da a ke magana a kansa. Mita guda yadi ɗaya ce da inci uku da 'yan kai. In an raba ta gida dubu, kowane gida shi ne milimita, bai kai kaurin ƙwayar gero ba. In an sake raba milimitan nan gida miliyan, kowane gida shi ne nanomita. Kalmar nano daga harshen Girkanci ta ke, ma'anarta wada. Silin gashin kai guda kaurinsa ya yi kamar nanomita 80,000, jar ƙwayar jini faɗinta kamar 7,000, farce kuwa ya kan ƙaru da kimanin nanomita ɗaya cikin kowane sakan. Awon nan yana da muhimmanci ga likita saboda jiki matata ne. Abin da bai kai nanomita shida ko makamancin haka ba, ƙoda ta kan tace shi ya fita cikin fitsari nan da nan. Abin da ya wuce ɗari biyu ko uku, saifa da hanta su kan tsince shi. Tsakanin nan akwai ɗan fili, cikinsa aka yi ta fama shekara hamsin.

Mutane sun daɗe suna aiki da ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta ba su sani ba. A gidan ajiye kayan tarihi na Landan akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na huɗu, wanda in haske ya faɗo masa daga gaba sai a gan shi kore, in ya biyo ta bayansa sai ya koma ja. Sai cikin 1990 aka tabbatar cewa ɓarɓashin zinariya da azurfa ne cikin gilashin, kowanne bai wuce nanomita ɗari ba. Cikin 1857 Michael Faraday na Ingila ya haɗa wani ruwa ja wur daga zinariya, ya ce lalle zinariyar tana nan cikin ruwan, ƙanƙanta ce ta sauya mata launi, ko da ya ke ba shi da madubin da zai nuna masa ita. Kwalabensa suna nan a Landan, ba su daina ja ba. Wanda ya taɓa zuwa ɗakin shan magani a Kano ko Maraɗi aka tsaga masa yatsa, aka ɗiga jininsa a kan ɗan farin allon nan na awon zazzaɓin cizon sauro, ya ga jikan ruwan Faraday da idonsa. Jan layin da ke fitowa, a galibin allunan, zinariya ce, ƙwayoyi masu faɗin nanomita kamar 40, an manna wa kowacce wani sinadarin garkuwar jiki mai kama alamar ƙwayar zazzaɓi. In alamar tana cikin jinin, sai ƙwayoyin su taru wuri guda har ido ya gan su.

Ran 29 ga Disamba 1959 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Richard Feynman, ya yi wa taron 'yan'uwansa masana jawabi a garin Pasadena ta jihar Kalifoniya. Gundarin maganarsa shi ne, ba wata dokar halitta da ta hana ɗan Adam ƙera abubuwa ƙanana ƙwarai, har ya riƙa jera ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera tubali. Cikin jawabin ya kawo shawarar wani abokinsa, Albert Hibbs, cewa wata rana majiyyaci zai iya haɗiye likitan fiɗa, watau a ƙera ɗan inji a sa shi cikin jijiya, ya tafi har zuciya, ya duba inda ya lalace, ya zaro 'yar wuƙa ya gyara. Mutane da yawa su kan ce daga wannan jawabi aka faro kome. Ba haka ba ne. Cikin shekara ashirin da suka biyo baya da ƙyar aka sami masu ambatonsa a rubuce-rubucen masana. Sunan fasahar nano ma wani injiniya Bajapane, Norio Taniguchi, ya raɗa shi cikin 1974, shi kuwa zancen gyaran ƙarfe da gilashi ya ke yi. Sai da aka ƙera madubin da ke nuna zarra ɗai ɗai a Zurik cikin 1981, kuma Eric Drexler ya buga littafinsa cikin 1986 yana siffanta 'yan injunan da za su riƙa gyaran jiki daga ciki, sa'an nan aka tono jawabin aka ba shi girman kaka. Likitan da a ke haɗiyewa dai har yanzu ba a haife shi ba.

Abin da ya zama magani na gaske ya fito ne daga wani wuri dabam, ba ganga ba algaita. A ƙauyen Babraham kusa da Kambirij akwai wata ma'aikatar binciken jikin dabbobi, inda wani likitan jini, Alec Bangham, ke aiki. Cikin 1961 aka kawo musu sabon madubi mai aiki da lantarki, shi da abokin aikinsa Robert Horne suna neman abin da za su gwada shi da shi, sai suka ɗauki irin maiƙon nan da a ke samu cikin gwaiduwar ƙwai, suka jiƙa shi da ruwa, suka duba. Sai ga shi maiƙon ya naɗe kansa ya zama 'yan jakunkuna rufaffu, ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, da ruwa kulle a ciki. Dalili kuwa, kowace ƙwayar maiƙon nan tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. In an zuba su cikin ruwa sai su jeru sahu biyu, wutsiyoyi a ɓoye a tsakiya, kawuna a waje, sahun ya lanƙwashe ya haɗe baki. Ba wanda ya ƙera jakar, ita ta ƙera kanta, kuma da irin wannan fata ce Allah ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta da ke jikin mutum. Suka buga abin da suka gani cikin 1964, daga baya aka raɗa wa jakar suna laifosom, watau jikin maiƙo.

Bangham fatar ƙwayar halitta ya ke son ya fahimta, ba ruwansa da dako. Wani masani Bagirke ne da ke aiki a Landan, Gregory Gregoriadis, ya ga cewa jakar da ta kulle ruwa za ta kulle magani. Cikin 1971 shi da Brenda Ryman suka fara ɗura abubuwa ciki suna yi wa ɓeraye allura. Nan take suka gamu da abokin gaban da kowa zai gamu da shi bayansu. A cikin hanta da saifa akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu gadi, aikinsu haɗiye duk wani baƙon abu da jini ya kawo. Kafin a yi 'yan mintoci sun kwashe yawancin jakunkunan. Ɗan dako ya fita gida da kaya, 'yan doka sun tare shi a bakin kasuwa.

Kayan da aka fi so a ba shi kuwa wani jan magani ne. Masu bincike na wani kamfani a Milan sun ɗebo ƙasa kusa da wata tsohuwar fada mai suna Castel del Monte a kudancin Italiya, suka sami wata ƙwayar halitta cikinta mai fid da jan ruwa, daga zuriyarta aka samo doksorubisin a ƙarshen shekarun 1960. Yana cikin magungunan ciwon daji mafiya ƙarfi, amma yana cin naman zuciya a hankali, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa. Tilas likitoci suka yanka masa iyaka, kowane majiyyaci akwai adadin da ba za a wuce masa ba duk tsawon ransa, ko da ciwon yana jin maganin. Cikin 1986 waɗansu masana biyu a Kumamoto ta Japan, Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, suka nuna wani abu da ya ƙarfafa zukata. Ƙarin daji, saboda gaggawar girma, jijiyoyin jinin da ya ke shimfiɗa wa kansa ba su da kyan gini, duk huji ne kamar dangar da aka kafa da dare. Jijiyoyin zuciya kuwa a matse su ke. Ashe ke nan jaka mai faɗin nanomita ɗari za ta wuce zuciya ba ta sami ƙofa ba, in ta zo wurin ƙari ta zurara ciki, muddin ta daɗe tana kewaya cikin jini.

Masana biyu a birnin Ƙudus, Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon, suka ɗauki wannan aiki. Gwajinsu na farko a kan mutane, cikin shekarun 1980, bai yi nasara ba: jakunkunan suna yoyo, hanta kuma tana kwashe su. Dabara biyu suka ceci aikin. Ta farko, aka dasa wa bayan jakar wani gashi-gashi na sinadari mai jan ruwa, ana kiransa PEG, ya zama kamar mayafin ruwa, masu gadi ba su gane baƙon da wuri. Wannan dabara masana na wurare da dama suka gano ta wajen 1990. Ta biyu, aka kulle wani gishiri cikin jakar tun farko, shi ke jawo maganin ciki ya daskarad da shi har ya kasa fita. Da aka haɗa biyun, maganin da a da ya kan watse daga jini cikin mintoci sai ga rabinsa yana nan bayan kwana biyu. Ran 17 ga Nuwamba 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi da sunan Doxil, shi a kan ƙidaya na farkon magungunan nano da ta amince da su.

To, me aka samu? Cikin 2004 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mata 509 masu ciwon dajin nono wanda ya riga ya bazu, rabi aka ba su maganin tsirara, rabi a ƙunshe. Cikin masu shan na tsirara, 48 zuciyarsu ta taɓu, cikin masu na ƙunshe 10 kaɗai. Zubewar gashi da amai ma sun ragu ainun. Amma tsawon kwanan da suka yi bai bambanta ba, wata 22 da wata 21. Bugu da ƙari, ƙunshin ya zo da tasa cutar, kusan rabin matan tafin hannu da na ƙafa suka yi ja suna zafi suna saɓulewa. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga macen da aka tsare wa zuciya, amma wanda ya zo neman harsashin sihiri bai same shi ba. Ƙunshin ya rage dafi, bai ƙara saiti ba.

Inda rage dafi kaɗai ya isa ya ceci rai shi ne wajen wani magani mai suna amfoterisin, wanda aka samo cikin 1955 daga ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana kashe cututtukan fumfuna da ke shiga jiki, yana kuma kashe ƙwayar kala-azar, watau baƙin zazzaɓin nan da wani ɗan mitsitsin ƙuda ke sa wa mutum, mai kumbura saifa, wanda in ba a yi magani ba kusan kullum ajali ne. Sai dai yana lalata ƙoda, yana sa makyarkyata mai tsanani. Da aka ƙunshe shi cikin maiƙo aka fid da shi a Turai cikin 1990 da sunan AmBisome, sai aka ga ana iya ba da ninkin abin da a ke bayarwa a da. Abin mamaki, ƙwayar kala-azar cikin masu gadin nan na hanta da saifa ta ke ɓuya, watau 'yan dokan da ke ƙwace kayan su ne masu bukatarsa. Cikin 2010 likitoci a jihar Bihar ta Indiya suka nuna cewa ƙarin ruwa sau ɗaya tak ya warkad da fiye da 95 cikin ɗari. Amma a gabashin Afirka ba haka abin ya kasance ba. Cutar ta yi kaka-gida a Sudan, ta kashe mutum kamar 100,000 a yammacin Upper Nile tsakanin 1984 da 1994, tana kuma addabar ƙauyukan Gadarif inda Hausawa da yawa ke zaune. Da aka gwada allura ɗayan nan a Sudan da Habasha, sai aka tsai da gwajin saboda waɗanda suka warke ba su kai yadda a ke so ba. Ga shi kuma maganin da tsada, ba ya son zafin da ya wuce awo 25 a ma'aunin zafi, a ƙasar da inuwa ma ta kan wuce 40.

Da shekarar 2000 ta kama, sunan nano ya zama abin ado. Shugaban Amurka Bill Clinton ya je makarantar da Feynman ya yi jawabinsa ya ba da sanarwar shirin ƙasa mai cin dala kusan miliyan 500 a shekarar farko. Cikin 2004 hukumar binciken ciwon daji ta ƙasar ta ware dala miliyan 144 don nano kaɗai, a lokacin shugabanta yana cewa burinsa kafin 2015 a kawar da wahala da mutuwa ta ciwon daji. Aka yi ta warkad da ɓeraye, takardu suka yi ta fita dubbai. Shekarar 2015 ta zo ta wuce. Cikin 2016 Warren Chan da abokan aikinsa a Toronto suka tattara rahotanni 117 na shekara goma, suka lasafta, suka ce a tsaka-tsaki cikin ƙwayoyi dubu da aka yi wa dabba allura, bakwai kaɗai ke isa wurin ƙarin. Waɗansu masana sun yi gardamar yadda aka yi lissafin, suna da hujjarsu, amma ba wanda ya musa cewa kaso mafi tsoka hanta da saifa ke cinyewa. An kuma gane cewa ƙarin da aka dasa wa ɓera, mai girma cikin mako biyu, ya fi na mutum huji nesa.

Mafita ta zo ne daga waɗanda suka daina faɗa da hanta suka nemi cutar da ke zaune cikinta. A garin masunta na Póvoa de Varzim a Fotugal akwai wata cutar gado wadda likita Corino de Andrade ya bayyana cikin 1952. Hanta ke ƙera wani gurɓataccen sinadari, ya taru a jijiyoyi da zuciya, mutum ya shanye daga ƙafa zuwa sama har ya mutu. Masana sun riga sun san yadda za su rubuta ɗan saƙo da harshen ƙwayar halitta, wanda a ke kira RNA, ya umarci hanta ta daina ƙera abin. Amma saƙon ba shi da ƙwari, in ya shiga jini tsirara nan da nan a ke narkad da shi. Pieter Cullis da almajiransa a Vancouver ta Kanada sun shekara da shekaru suna neman maiƙon da ya dace, har aka sami wanda ke riƙe saƙon tamau, ya yi lamo cikin jini, sai ya shiga cikin ƙwayar halitta, inda akwai ɗan tsami, sa'an nan ya fasa ya saki kayansa. Ba a ɗaura masa wani saiti ba. Jini da kansa ke lulluɓe shi da alamar da hanta ke karɓar maiƙon abinci da ita, ta buɗe masa ƙofa. Cikin Agusta 2018 aka yarda da maganin da sunan Onpattro, bayan gwaji da mutum 225.

Shekara biyu bayan haka annobar korona ta game duniya, sai ga amfanin abin ya fito inda ba a zata ba. Katalin Karikó da Drew Weissman sun riga sun gano tun 2005 yadda za a gyara saƙon RNA don kada jiki ya yi masa bore, abin da ya ba su kyautar Nobel cikin 2023. Aka haɗa saƙonsu da ƙunshin irin na Vancouver, aka sami allurar rigakafi ta Pfizer da BioNTech da ta Moderna. Ran 8 ga Disamba 2020 aka fara yi wa jama'a a Coventry ta Ingila, daga nan aka yi ta ba da ita har sau dubban miliyoyi. Ba ta rasa aibu ba, samari kaɗan ta sa musu kumburin naman zuciya, kuma da farko ɗayarsu sai an ajiye ta cikin sanyin awo 70 ƙasa da na ƙanƙara. A lokacin ne jita-jita ta bazu ƙasa ƙasa cewa wai an ɓoye 'yan injuna cikin allurar don leƙen asirin mutane. Injin da masana suka yi shekara sittin suna mafarki ba su iya ƙerawa ba, tsoro ya ƙera shi cikin wata guda. Abin da ke cikin kwalbar maiƙo iri huɗu ne, da saƙon, da gishiri da sukari da ruwa.

Wanda ya bi wannan tarihi ya sami ma'aunin da zai auna alkawuran da a ke yi yanzu. In an ce ga sabon maganin nano, abin tambaya shi ne ina jiki zai kai shi, ba ina mai shi ke so ya je ba. Akwai masu cusa ƙwayoyin zinariya cikin ƙari su haska musu wuta su ƙone shi daga ciki, an gwada haka ga maza 16 masu ciwon dajin mafitsara ta maza a New York, aka buga labarin cikin 2019, sakamakon ya yi kyau, amma mutum 16 ba su isa a yanke hukunci ba. Inda aka fi ci gaba, har wa yau, hanta ce. Cikin Fabrairu 2025 likitoci a Philadelphia suka yi wa wani jariri ɗan wata shida magani, wanda aka haifa da kuskuren harafi guda cikin littafin halittarsa, hantarsa ba ta iya kawar da dafin amoniya. Cikin wata shida aka ƙera masa almakashin gyara nasa shi kaɗai, aka ƙunshe cikin maiƙo aka ɗura masa sau uku. Ya sami sauƙi har aka sallame shi, ko da ya ke likitocinsa ba su yarda sun kira abin warkewa ba tukuna.

Cutar da ƙasar Hausa za ta fi zuba wa ido a wannan fage ita ce amosanin jini, watau sikila, domin ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita, an ƙiyasta ana haifar jarirai kamar 150,000 da ita kowace shekara. Ita ma kuskuren harafi guda ce. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka yarda da wani magani mai suna Casgevy, mai gyaran littafin halitta, amma hanyarsa doguwa ce. Sai an ɗebo iyayen ƙwayoyin jini daga jikin majiyyaci, a kai su ma'aikata a gyara, a kashe ɓargonsa da magani mai dafi wanda ya kan hana haihuwa, a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni kwance a asibiti. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Da za a sami ƙunshin da zai kai almakashin har cikin ɓargo da allura, da duk wannan ɗawainiya ta faɗi. Cikin 2023 masana a Philadelphia, har da Weissman a cikinsu, suka manna wa ƙunshin maiƙo wani sinadarin garkuwa mai gane iyayen ƙwayoyin jini. Suka nuna ya isa ɓargon ɓeraye masu rai ya sauya ƙwayoyin, ya kuma gyara ƙwayoyin masu sikila da aka ɗebo aka sa cikin faranti. A ɓerayen nan ma hanta ta karɓi nata rabo kafin sauran su wuce zuwa ƙashi.